Kafin ya zama gwanin kyamara: tambayoyi da amsoshi kan tasowa da karatun mai ɗaukar fim

Na daɗe ina riƙe da kyamara a Zariya. Da ɗaukar biki da suna na fara, na koma hawan Sallah, daga baya na shiga ɗaukar fina-finan wayar da kai a ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi. A ƴan shekarun nan kusan kowane mako sai wani ya tare ni da tambaya: ko saurayin da ya gama sakandare, ko uban da ɗansa ya ce shi fim zai karanta, ko uwar da ta ga ƴarta ba ta da aiki sai ɗaukar hoto da waya. Tambayoyin da suka fi yawa ne na tara a nan, tare da amsar da nake ba masu su.

Shi mai ɗaukar fim, ba mai riƙe kyamara ba ne kawai?

Riƙe kyamarar ma wani lokacin ba shi ke yi ba. A babban fim akwai wanda ke tuƙa ta, akwai mai kula da kada hoto ya dushe, akwai masu jan waya da kafa fitilu. Shi ne shugabansu gaba ɗaya. Darakta yana da labari da ƴan wasa, shi kuwa mai ɗaukar fim shi ke yanke yadda idon mai kallo zai ga labarin: daga ina haske zai faɗo, wane gefen fuska za a bari cikin inuwa, a matso ko a ja baya, a tsaya cak ko a bi mai tafiya. A masana'antarmu ta fim ɗin Hausa sau da yawa mutum ɗaya ake ɗora wa duk wannan a kira shi kamaraman, shi ya sa mutane suka ɗauka aikin danna maɓalli ne.

Malam, tun yaro yana ƙarami ake gane zai yi wannan aikin?

Ana ganewa, amma ba ta inda mutane ke dubawa ba. Son wasa da waya ba alama ba ce, duk yaran yanzu haka suke. Wanda nake sa wa ido shi ne yaron da ke tsayawa yana kallon abin da kowa ya wuce.

Gidanmu na cikin birni yana da tsohon zaure na ƙasa, kuma a jikin ƙyauren akwai wata ƴar huda da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Idan an rufe ƙofa da rana tsaka, sai hasken ya ratsa ta hudar ya sauka a bangon ciki. Wata rana ina ɗan shekara tara ko goma, na lura cewa abin da ke bangon ba haske ne kawai ba. Mutanen da ke wucewa a titi ne, ƙanana, dishi-dishi, kawunansu a ƙasa ƙafafunsu a sama. Wani mai jaki ya wuce, na ga jakin yana tafiya a kife. Na ruga na kira kakata. Ta leƙo ta duba, ta ce tun tana amarya take ganin wannan, in zo in ci tuwona. Ni kam har la'asar ina zaune a gaban bangon nan.

Sai da na girma na san cewa wani malami Musulmi, Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan abu a littafinsa Kitabul Manazir. Shi ya kafa hujjar cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido a miƙe, ba ido ke fitar da haske ba. Kowace kyamara a duniya, har wadda ke cikin wayarka, ɗan ƙaramin zaure ce mai duhu da huda a gaba.

Idan ka bi tarihin manyan gwanaye za ka tarar da irin wannan ƙuruciya. Vittorio Storaro na Italiya, wanda aka haifa a Rum a 1940 kuma ya ci kyautar Oscar sau uku, mahaifinsa mai haska fim ne a wani kamfani, ya kuma sa shi makarantar koyon hoto yana ɗan shekara 11. Tunde Kelani na nan gida, haifaffen 1948, a gidan kakansa na Abeokuta ya tashi, ya kamu da son hoto tun yana ɗalibi, ya yi zaman koyon sana'a wurin mai hoto, ya yi aikin kyamara a talabijin ɗin Ibadan, sannan ya tafi makarantar fim ta Landan. Kowannensu ido ya fara buɗewa, makaranta ta biyo baya.

Ɗana zai shiga aji huɗu na sakandare. Kimiyya zai ɗauka ko adabi?

Idan burinsa jami'a ne a fannin wasan kwaikwayo ko aikin jarida, ɓangaren adabi ne hanya, domin darasin adabin Turanci yana cikin abin da aka saba nema. Ku duba ƙa'idar JAMB ta shekarar da zai zauna jarrabawa, kada ku dogara da abin da wani ya ce an yi a zamaninsa.

Sai dai ina roƙon kowane yaro kada ya guje wa lissafi da fizis, ko da a gefe zai riƙa karantawa. Misali ɗaya: idan ka janye fitila daga fuskar ɗan wasa har nisan ya ninka biyu, hasken da ke isa gare shi ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Wanda ya san wannan, a minti biyu zai gyara ɗaki. Wanda bai sani ba sai ya yi ta jan fitila gaba da baya har ƴan wasa su gaji. Zane ma yana da amfani ƙwarai. Yaron da ya taɓa zama ya zana tulu da inuwarsa ya riga ya fara karatun haske.

A nan Zariya akwai inda ake koyarwa?

Akwai, kuma mutanen gari sun fi kowa rashin sanin abin da ke gabansu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sassa uku da suka shafi mai son wannan aiki: sashen wasan kwaikwayo, sashen aikin jarida da yaɗa labarai, da sashen zane-zane. Babu wanda zai yaye ka a matsayin cikakken mai ɗaukar fim shi kaɗai, amma kowanne yana riƙe da wani yanki na abin da kake nema.

Sashen wasan kwaikwayo yana da dandalin nan na ginin ƙasa a Samaru, wanda wani magini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe. Ka je ka zauna a wurin da yamma ka ga yadda jan bango ke mayar da haske a fuskar mutum. Daga wannan sashe ne kuma aka yi suna wajen kai wasan kwaikwayo cikin ƙauyuka domin tattauna matsalolin manoma da lafiya, kuma wannan tarbiyya ta zama da jama'a tana yi wa mai ɗaukar fim ɗin gaskiya amfani fiye da kowace na'ura.

Sashen zane kuwa tarihinsa ya girmi jami'ar kanta. A 1958, lokacin wurin yana kwalejin fasaha da kimiyya, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Hujjarsu ita ce a koyi dabarar Turawa amma a zana da idon gida. Ban san shawarar da ta fi wannan dacewa da matashin da ke kwaikwayon hoton fina-finan Indiya da na Turkiyya ba tare da ya dubi unguwarsu ba.

Wanda bai samu jami'a ba, ya duba aikin jarida a kwalejojin kimiyya da fasaha, irin ta Nuhu Bamalli a nan ko ta Kaduna.

To me ya sa kowa ke cewa a tafi Jos?

Domin a can makarantun da aikinsu ke nan suke. Hukumar fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, a Jos hedikwatarta take, kuma ƙarƙashinta akwai cibiyar koyar da fim ta ƙasa, mai ba da difloma da kuma digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA, wadda digirinta na Jami'ar Ahmadu Bello ne. A can ɗalibi zai samu darasin kyamara da haske da sauti da tace hoto a jere, tare da abokan da shi zai ɗaukar musu yau su riƙe masa fitila gobe. Waɗannan abokai rabin ribar makarantar ne, su ne za su kira ka aiki bayan shekara biyar.

Dole sai da takardar makaranta? Ga su wane nan ba su yi ba, kuma suna aiki.

Ba dole ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Yawancin waɗanda suka ɗauki fina-finan Hausa tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau a bakin aiki suka koya. A Indiya ma Subrata Mitra yana ɗan shekara 21, bai taɓa tuƙa kyamarar fim ba, hoton kati kawai yake ɗauka, darakta Satyajit Ray ya damƙa masa fim ɗinsa na farko. Mitra ɗin ne daga baya ya shahara da shimfiɗa farin ƙyalle a sama ya haska shi da fitilu, hasken ya dawo a tausashe kamar na tsakar gida. A ɗaya ɓangaren, Roger Deakins na Ingila, haifaffen 1949, zane ya karanta, ya nemi makarantar fim ta ƙasarsu aka ƙi ɗaukarsa a karon farko, ya shafe kusan shekara yana yawon ɗaukar hoton manoma a karkarar Devon, sannan ya sake nema ya samu.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Wanda ya koya a hannun maigida kaɗai yana da saurin hannu, amma yakan tsaya inda maigidansa ya tsaya, har kurakuran ma ya gada. Wanda ya yi makaranta kaɗai ya san sunan komai, amma ranar da janareto ya mutu, rana na faɗuwa, furodusa na kallon agogo, sai ya rasa ta inda zai kama. Wanda ya haɗa biyun shi nake ganin ya yi nisa. Idan hali bai ba ka makaranta ba, to ka zama mai karatu da kanka, kuma ka yi aiki ƙarƙashin mutum fiye da ɗaya.

Me yaro ke fara koya a wurin maigida?

Ɗaukar kaya. Ƙafar kyamara, jakar batir, naɗe waya yadda ba za ta murɗe ba, goge gilashi ba da gefen riga ba. Watanni za ka yi kafin a bar ka ka danna komai, kuma a watannin nan ne mai hankali ke koyon rabin aikin, domin yana tsaye a bayan maigida yana ganin inda ya dasa kyamara da inda ya ƙi dasawa.

Darasin da ba na mantawa a wani ɗaurin aure na same shi a Tudun Wada. Ranar ce ta farko da aka ba ni kyamara ta biyu. An idar da Juma'a, rana a tsakiyar ka, ango baƙi ne sosai, ya sha farar shadda mai sheƙi da hula ta rufe goshi. Na bar kyamarar ta auna hasken da kanta. Ita kuwa farin da ya cika mata ido ta bi, ta tsuke, sai shadda ta fito tas har ana ganin zaren aikin wuya, fuskar ango ta zama duhu, haƙora kawai ake gani. Da dare muna dubawa a shago, maigidana ya yi shiru har wurin ya wuce, sannan ya ce, "Ka ɗauki riga ka bar mai riga." Na ce, "Maigida, ranar ce ta yi yawa." Bai amsa ba. Washegari ya tsayar da ni a bakin shago da irin wannan rana, ya sa wani yaro ya tsaya, ya miƙo min farin kwali ya ce in riƙe a ƙasan haɓarsa in karkata. Ina karkatawa na ga hasken ya hau fuskar yaron, idanunsa suka fito daga inuwa. Sannan ya matsar da shi taku uku zuwa ƙarƙashin rumfa, ya ce in sake dubawa.

Wannan matsala ta baƙar fata da farin tufafi tamu ce, kullum muna cikinta, kuma littattafan da aka rubuta a Turai ba su damu da ita sosai ba. Shekaru da dama ma katin da kamfanin Kodak ke rabawa masu wankin hoto domin daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki. Baƙar fata ba yawan haske take so ba. Haske mai faɗi take so, mai taushi, wanda zai kwanta a kumatu da goshi ya bayyana siffarsu. Duk wanda ya iya fitar da fuskar dattijo a cikin farin rawani da tsakar rana, ya wuce aji ɗaya a wurina.

Waɗanne lambobi ne dole in haddace?

Ba su da yawa. Fim ɗin silima hoto 24 yake ɗauka a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuwa 25. Wutar lantarkin Nijeriya sau 50 take juyawa a daƙiƙa, shi ya sa idan kana ɗauka ƙarƙashin fitilun ɗaki ka ga hoto yana rawa ko wasu layuka na hawa, ka mayar da saurin ƙiftawar kyamara ɗaya bisa 50. Lambobin buɗewar idon kyamara, 2.8 da 4 da 5.6 da 8, kowane mataki rabin hasken na bayansa yake shigarwa. Launin haske kuma, tsohuwar fitilar ɗaukar fim mai ja-ja wajen 3200 take a ma'aunin Kelbin, hasken rana wajen 5600. Sauran hannu ne zai koya maka.

Ba ni da kyamara, waya kawai gare ni. In jira?

Kada ka jira. Zariya kanta makaranta ce ga mai ido. Ka zaɓi wuri ɗaya, ko Ƙofar Doka ko wani gindin rimi a unguwarku, ka ɗauke shi daga tsayuwa ɗaya da asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da bayan magariba. Ka jera hotunan biyar ka duba. Ka maimaita a watan Janairu lokacin da hazo ya mayar da rana farar tasa, dutsen Kufena ya ɓace daga ido, sannan a watan Agusta lokacin da hadari ya tace haske, jar ƙasa ta jiƙe, ganye ya yi shar. Bayan shekara guda za ka san hasken garinku fiye da baƙon da ya zo da kyamarar miliyoyi.

Ka shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu na shekarun 1830, ka ɗaga kai ka kalli yadda bakan gizon ginin ke raba haske da duhu. Wannan kallo nake nufi, ba ɗauka ba, sai in an ba ka izini. Ka je kasuwar Sabon Gari ka ga yadda rana ke ratsa ɓulin rumfa ta sauka kan tumatir. Ranar hawan Sallah kuma, maimakon ka bi dawaki da gudu kamar kowa, ka tsaya wuri guda rana na bayan mahaya, ka ga abin da ƙura ke yi wa haske. Kuma kada ka ɗauki fuskar mutum ba ka gaishe shi ka nemi yardarsa ba, balle matan aure.

In Allah ya hore maka kyamara mai canjin gilashi, kada ka kuskura ka buɗe ta a fili lokacin hunturu. Ƙurar da za ta shiga sai ta bi ka a kowane hoto.

Ƴata ce ke so. Aikin mata ne kuwa?

Hajiya, aikin mai ido ne da haƙuri. Gaskiya mata sun yi ƙaranci a cikinsa ko'ina a duniya: sai a 2018 aka fara sa sunan mace, Rachel Morrison, cikin masu takarar Oscar ta ɗaukar fim. Amma a ƙasar Hausa mace mai kyamara tana da ƙofar da ba ta buɗe mana. Kamu, sa lalle, ɗakin mai jego, hira da matan kulle kan haihuwa ko sana'ar cikin gida, duk wuraren da ni sai dai in tsaya a zaure. Sau da yawa mun je ƙauye aikin lafiyar mata mun dawo da rabin labari saboda babu mace a cikinmu. Kyamarorin yanzu kuma ba su da nauyin na da. Ku tsaya mata ta yi karatun, ku san wurin wa take koyo da lokacin da take tashi.

Ni tsorona tarbiyya. Kada yaro ya shiga fim ya lalace, ya bar karatun addini.

Baba, tsoronka yana kan hanya, ba zan ce ka yar da shi ba. Aikin yana da tafiye-tafiye da kwana a lokeshan da cuɗanya da mutane iri-iri. Abin da zan ce, kada a cire yaro daga Islamiyya ko makarantar allo saboda kyamara, ba sa karo da juna. Ka je da ƙafarka ka ga maigidan da zai koya a wurinsa, ka tambayi maƙwabtan shagon halinsa, kamar yadda za ka yi in kanikanci ko ɗinki za ka kai shi. Ka kuma sani ba fim ɗin soyayya kaɗai ke buƙatar mai kyamara ba. Tafsirin azumi, labaran talabijin, shirin noma, tarihin masarautu, duk wani ne ke tsaye a bayan na'ura. Iyayenmu da suka kalli majigi a filin unguwa, ana nuna musu noman auduga da tsabtar rijiya a jikin farin ƙyalle, aikin irin waɗannan mutane suka kalla. Batun hukuncin hoto kuwa malamai sun yi magana a kai, ka zauna da malaminka ka ji daga bakinsa.

Na ga kowa na sayen ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Da shi zan fara?

A'a, ka bar shi zuwa ƙarshe. Hoton sama yana burge mutane na daƙiƙa biyar, labari kuwa a fuska yake. Kuɗinsa ka sayi ƙafar kyamara mai ƙarfi da makirfo mai kyau, ka sa tela ya ɗinka maka farin ƙyalle da baƙi, kowanne yadi uku. Sannan a Zariya sai an yi hattara ta musamman: ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan tun 1964, jiragen ɗalibai na shawagi ƙasa-ƙasa a kan gari, ga kuma barikin horar da sojoji. Hukumar kula da sufurin jiragen sama tana da ƙa'ida kan tashi da irin wannan na'ura. Ka nemi izini tukuna, kuma ko da izinin a hannunka kada ka tashe ta kusa da filin jirgi ko bariki.